Bartalamawas, Almajirin Annabi Isa: Daga Kana ta Galili Zuwa Wusasa



Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagatai da masu unguwanni, malamanmu limamai, fastoci da dattawan ikilisiya, shugaban wannan zama, iyayenmu mata, malaman makaranta da ɗalibai, ina gaishe ku gaisuwar ban girma. Gaisuwa ta musamman ga waɗanda suka baro lambunansu a Kura da Bunkure da Kadawa ana tsakiyar aikin rani. Duk wanda ya taɓa yin ban ruwa ya san ranar da aka sako ruwa a layinka ba ranar zuwa taro ba ce, saboda haka zuwanku karamci ne babba, Allah ya saka da alheri.

Masu shirya wannan zama a nan Kumbotso sun nemi in yi magana a kan rayuwar ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa, alaihis salam, wanda 'yan'uwanmu Kirista ke kira Yesu Almasihu, da yadda mutanen baya suka girmama shi. Su goma sha biyu ne. Da shahara na bi, da Bitrus zan ɗauka, ko Yahaya. Amma na zaɓi Bartalamawas, wanda abin da aka rubuta a kansa tun farko bai cika shafi guda ba, kuma dalilina biyu ne. Sunansa yana kan wani ginin ƙasa a Wusasa ta Zariya, tafiyar da ba ta kai awa uku ba a mota daga inda muke zaune. Sannan a ƙasashen Turai shi ne waliyyin majema da dukawa da mahauta, mu kuwa ga masana'antun fata na Challawa nan a cikin ƙaramar hukumarmu.

Na farko: mu daidaita kalmomi

A Littafi Mai Tsarki na Hausa ana ce da waɗannan mutum goma sha biyu manzanni, wato waɗanda aka aika. Kunnen Musulmi idan ya ji kalmar manzo, Manzon Allah yake ji, don haka a lura: a bakin Kirista ma'anarta ɗan aike na Almasihu. Musulmi kuwa Hawariyawa suka san su. Alƙur'ani ya ambace su a Suratu Ali Imrana da Ma'ida da Saffi, ya yabe su a matsayin mataimakan Annabi Isa, amma bai jera sunayensu ba. Akwai kuma kalmar da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a cikinta, ita ce almajiri. Da ita masu fassara suka kira mabiyan Yesu, ita ce kuma ake kiran yaron da ya bar garinsu ya tafi tsangaya. Duka biyun mutum ne da ya bar gida ya bi malami.

Na biyu: wane ne shi?

Sunan Bartalamawas ya zo sau huɗu a Sabon Alkawari: a Matiyu sura 10, da Markus sura 3, da Luka sura 6, da Ayyukan Manzanni sura 1. A duk wuraren huɗu cikin jerin sunaye ya zo. Ba a kawo maganarsa ko guda ba, ba a ce ga abin da ya aikata ba.

Shi kansa sunan ma alkunya ce irin tamu. A harshen Aramiya, harshen da mutanen Galili ke yi a lokacin, Bar Talmai na nufin ɗan Talmai. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Katsinawa nawa ne za su gaya maka sunan yanka na Wali Ɗan Marina Muhammadu ne? Ɗan Marina kawai aka sani, kamar yadda aka san Ɗan Masani da Ɗan Fodiyo. To, in Bartalamawas ɗan Talmai ne, mene ne sunansa na yanka?

A nan ne Linjilar Yahaya ta shigo. Ita ba ta ambaci Bartalamawas ba ko sau ɗaya, amma ta kawo wani Nata'ala, mutumin Kana ta ƙasar Galili, abokin Filibus. Malaman Kirista suka lura cewa a Matiyu da Markus da Luka sunan Bartalamawas yana biye da na Filibus, a Yahaya kuma Filibus ne ya kawo Nata'ala. Suka ce ashe mutum ɗaya ne. Wani bishop na cocin Gabas, Ishodad na Marwa, ya rubuta haka tun ƙarni na 9, kuma yawancin coci-coci a kan haka suke har yau. Ba kowa ne ya yarda ba: Agustin, babban malamin nan na garin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, yana ganin Nata'ala ba ya cikin sha biyun.

Ina so mu ɗan daɗe a kan labarin Nata'ala, domin shi ne ƙashin bayan wannan lacca. Filibus ya zo masa da albishir cewa sun sami wanda Attaura da annabawa suka yi bushara da shi, kuma mutumin Nazarat ne. Nazarat ƙaramin ƙauye ne, tsakaninsa da Kana 'yar tafiya ce. Nata'ala ya san garin, ya kuma raina shi, sai ya nuna shakkar a ce wani abin kirki zai fito daga can. Mun san irin wannan raini. Wane gari ne ba shi da maƙwabcin da yake yi wa kallon ƙauye? Filibus bai tsaya musu da shi ba, bai kawo masa hujja ba, ya dai ce ya taso su je ya gani da idonsa. Nata'ala kuma ya tashi. Da Yesu ya hango shi tafe, sai ya shaide shi da cewa mutum ne marar algus, ya kuma gaya masa ya gan shi a gindin ɓaure tun kafin Filibus ya kira shi. A nan take shakkarsa ta gushe. Sai can a ƙarshen littafin aka sake ambatonsa, cikin mutum bakwai da suka kwana suna su a Tekun Tibariya.

Ku dubi halin mutumin nan. Yana da zato a zuciyarsa kuma bai ɓoye ba, amma zaton bai hana ƙafarsa tafiya ba. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Mu nawa ne a ɗakin nan muke riƙe da hukunci a kan wasu mutane, alhali ba mu taɓa taka unguwarsu ba?

Na uku: ina ya nufa?

Daga nan nassi ya yi shiru, sai ruwaya ta ɗauka, kuma ruwayoyin an rubuta su ɗaruruwan shekaru bayan zamaninsa. Ba sa haɗuwa a kan hanya ɗaya.

Yusibiyus na Kaisariya, mai tarihin coci na ƙarni na 4, ya ce wani malamin Iskandariya ta Masar mai suna Fantenus ya je Indiya wajen ƙarshen ƙarni na 2, ya tarar da mutane riƙe da Linjilar Matiyu da haruffan Ibrananci, suka ce Bartalamawas ne ya bar musu. Sai dai marubutan wancan zamani sukan kira kudancin Larabawa da Habasha da sunan Indiya. Wannan ya kai mu ga ruwaya ta biyu, wadda malamanmu na zaure za su fi jin daɗinta, domin a littafinsu take. A Sirar Ibn Hisham, wadda ya tace daga ta Ibn Ishaƙ, akwai wurin da aka jera ƙasashen da Annabi Isa ya aika Hawariyawa. A can an ambaci wani Ibn Salma, da harafin sa mai ɗigo uku, aka ce an aika shi ƙasar Larabawa, wato Hijaz. Ibn Salma shi ne Bar Talmai. Wanda ke da littafin a gida ya duba wajen babin wasiƙun da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya aika wa sarakuna.

Ta uku ta Kibɗawa ce, wato Kiristocin Masar, kuma manoman da ke nan za su gane ta. Sun ce rabonsa ya faɗa kan dausayin da ke cikin hamadar Masar, garuruwan da ke rayuwa da ruwan rijiya da na marmaro. Ba a barin baƙo mai wa'azi ya shiga, sai ya shiga a matsayin bawa, ya yi aiki a gonar inabin wani mai arziki, yana sassabe yana gyaran rassa, daga cikin gonar ya fara koyarwa. Kibɗawa suna tunawa da shi a ranar farko ta shekararsu.

Ta huɗu ita ta fi yaɗuwa: Armeniya, ƙasar duwatsu da ke tsakanin Turkiyya da Iran. Armeniyawa sun ce Bartalamawas da Tadiyas ne suka kai musu addinin, shi ya sa suke kiran cocinsu na manzanni, kuma suna alfahari da cewa ƙasarsu ce ta fara karɓar Kiristanci a hukumance, a shekarar 301 bisa lissafinsu. Kangon wani tsohon gidan ibada mai sunansa yana nan a lardin Van na gabashin Turkiyya, inda suka ce a nan aka kashe shi.

Na huɗu: fata

Ruwayar Armeniya ta ce sarkin ƙasar, Folimiyus, ya karɓi wa'azinsa, sai ɗan'uwan sarkin, Astiyajis, ya fusata ya sa aka kama shi, aka feɗe shi da ransa. Ku gafarce ni, iyayenmu mata, maganar ba ta da daɗin ji, amma ita ce ta yi masa alama a duniya. Duk inda ka ga hoton wani dattijo riƙe da wuƙar fiɗa a tsofaffin coci-cocin Turai, shi ne. Mikelanjelo, a katafaren zanen Ranar Hisabi da ya yi a bangon ɗakin ibadar Sistin na fadar Fafaroma daga 1536 zuwa 1541, ya zana shi da wuƙa a hannu ɗaya, fatarsa a ɗayan, kuma masana da yawa suna ganin fuskar da ke jikin fatar ta mai zanen ce da kansa. A babban cocin Milan akwai mutum-mutuminsa da Marco d'Agrate ya sassaƙa a 1562, ya yafa fatarsa a kafaɗa kamar mayafi.

A Turai ta wancan zamani kowace sana'a tana da ƙungiya, kowace ƙungiya tana da waliyyin da ta jingina da shi. Majema da dukawa da mahauta da masu ɗinkin takalma da masu yi wa littafi bango suka ɗauki Bartalamawas. Me ya sa talakan da ke wuni cikin wari zai zaɓi wannan mutum?

Wanda ya taɓa shiga majema a cikin birnin Kano ya san amsar. Ana jiƙa fata a ruwan toka har gashin ya saki. Majemi ya shimfiɗa ta, ya sunkuya ya yi ta kankarewa da wuƙa. A sa ta a ruwan da zai tausasa ta, a wanke, sannan a tsoma ta a ruwan bagaruwa da aka daka, a yi ta cuɗawa da hannu har ta jemu. In ja ake so, ga karan dafi. Hannun majemi ba ya rabuwa da launi, jikinsa ba ya rabuwa da wari, kuma a garuruwa da yawa, a nan da can Turai, a gefen gari ake ajiye shi. Sai ga waɗannan mutane sun sami wani daga cikin sha biyun nan riƙe da irin wuƙarsu. Sun ga an shigar da kayan aikinsu ɗakin ibada an rataye a bango. A ganina wannan shi ne mafi kyawun abin da girmama Bartalamawas ya haifar: ya ba masu sana'ar da ake yi wa kallon ƙasƙanci wurin tsayawa.

Ga kuma inda zaren ya biyo ta ƙofarmu. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majemanmu suka jeme, ayari ya riƙa ƙetare hamada da ita zuwa Tarabulus da sauran garuruwan gaɓar teku. Turawa suka saye ta a can suka sa mata suna fatar Maroko, suka yi wa littattafansu masu daraja bango da ita. Wato mai yin bangon littafi a Landan, wanda waliyyin sana'arsa Bartalamawas ne, sau da yawa aikin hannun Bahaushe yake riƙe da shi, irin fatar da baduku ke ɗinka wa malam gafaka da ita. Yau injuna ke yin jima a Challawa da Sharaɗa, da sinadarai maimakon bagaruwa. Leburan da ke tsaye cikin wannan ruwa, da manomin da ke ban ruwa a ƙasan kogin da dagwalon ke gangarawa, dukansu suna da haƙƙin a kula da lafiyarsu. Wannan magana ce ta wata rana, amma ba zan wuce ta ban faɗa ba.

Na biyar: ƙasusuwa da saɓani

Kiristocin da suka rayu a zamanin tsanantawa sun riƙa adana ƙasusuwan waɗanda aka kashe saboda addini, suna gina wurin ibada a kansu. Waɗanda ake dangantawa da Bartalamawas sun yi yawo: a ƙarni na 6 suna tsibirin Lipari kusa da Sisili, a 838 aka kai su Benevento a kudancin Italiya, sannan wajen shekara ta 1000 Sarki Otto na Uku na Jamus ya gina coci a wani ɗan tsibiri da ke tsakiyar kogin Tiber a birnin Rum, aka ce an mayar da su can. Mutanen Benevento har gobe suna cewa na ainihin suna wurinsu. Babban cocin Frankfurt ma sunansa yake ɗauke da shi. Cocin Yamma na bikin ranarsa a 24 ga Agusta, na Gabas a 11 ga Yuni.

Kada wani ya ɗauka Kirista duk bakinsu ɗaya a kan wannan. Katolika da Otodoks suna neman waliyyai su yi musu roƙo wurin Allah, suna kuma girmama abin da suka bari. Angilikan suna kiyaye ranakun manzanni suna sa wa coci sunayensu, amma ƙa'idodin aƙidarsu na ƙarni na 16 sun hana kiran waliyyi a addu'a da sujada ga ƙashinsa. Coci irin su ECWA ba su da wannan al'ada gaba ɗaya. Musulmin da ke nan ai sun ji kamar labarin gida ake ba su. Ana ziyarar Hubbaren Shehu a Sakkwato, ana ziyarar kabarin Ɗan Marina a Katsina, kuma malamai sun daɗe suna muhawara a kan iyakar abin da ya halatta a wurin. Ban zo raba wannan gardama ba, ga masu ita nan a zaune. Na dai nuna muku cewa tambayar da ke damun wannan gida tana damun wancan.

Na shida: suna ɗaya, aiki biyu

A farkon ƙarni na 12 wani bafaden Sarkin Ingila mai suna Rahere ya je ziyara Rum, zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi. Ya yi alwashin in ya tashi zai gina wa matalauta wurin jinya, ya kuma ce ya ga Bartalamawas a mafarki ya nuna masa inda zai yi ginin. A 1123 ya kafa asibiti da coci a Smithfield, wajen ganuwar Landan, daf da karar dabbobi ta birnin. Asibitin yana aiki har yau a wurin da aka kafa shi, ya cika shekara 900 a 2023. A nan William Harvey ya yi aikin likita, wanda a 1628 ya bayyana yadda jini ke zagaya jiki.

Shi wannan suna kuma yana manne da ɗaya daga cikin munanan darare na tarihin Turai. A watan Agusta na 1572 manyan Furotesta na Faransa suka taru a Faris don ɗaurin auren ƙanwar Sarki Charles na Tara da Henry na Navarre, auren da aka ƙulla don a sasanta Katolika da Furotesta. Aka harbi jagoran Furotesta, Coligny, bai mutu ba. Jita-jita ta cika gari cewa za su ɗauki fansa. Kafin asubahin 24 ga wata, ranar Bartalamawas, fada ta ba da umarnin a kashe shugabanninsu, aka kaɗa ƙararrawar coci, daga nan abin ya fi ƙarfin masu umarnin. Maƙwabci ya shiga gidan maƙwabci. An kashe dubbai a Faris cikin 'yan kwanaki, kisan ya bazu zuwa wasu garuruwa har makonni, kuma ƙiyasin masana tarihi ya kama daga 5,000 zuwa 30,000. Dukansu masu kiran sunan Almasihu ɗaya ne.

Ba sai na yi wa Kanawa dogon bayani ba. Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun ga rikicin Oktoban 1991, sun ga na Mayun 2004. Sun san yadda magana ke tashi daga bakin wanda bai gani ba zuwa kunnen wanda ba zai bincika ba. Sun kuma san gidajen da suka ɓoye maƙwabtansu har ƙura ta lafa, kamar yadda wasu Katolika suka yi a Faris. Allah ya saka wa waɗannan gidaje.

Na bakwai: Wusasa

A wancan asibiti na Landan wani saurayi mai suna Walter Miller ya koyi aikin likita. Ya je Tarabulus ya koyi Hausa a bakin fatake da alhazai, sannan a 1900 ya biyo tawagar Bishop Tugwell ta ƙungiyar mishan ta CMS har Kano. Sarki Alu bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar gari. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, ɗaya daga cikinsu ya rasu a can. Shekara uku bayan haka sojojin Ingila suka ci Kano da yaƙi, saboda haka wanda ya ce tsoron da Sarki ya ji game da baƙin Turawa ba shi da tushe bai yi wa tarihi adalci ba.

Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila, ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, yana ba da magani yana koyar da yara. A 1913 wasu mutane suka zo wurinsa daga cikin Isawa, zuriyar mabiyan wani Malam Ibrahim na Kano, wanda ya fifita ambaton Annabi Isa a karatunsa, kuma bisa abin da zuriyar ke bayarwa aka kashe shi a kasuwar Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Aka kafa musu zama a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, ragowar suka dawo Zariya. A 1929, zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim, mishan ɗin ta fita daga cikin ganuwa ta koma Wusasa a gindin dutse, Rabaran Guy Bullen yana kan gaba a aikin. Asibitin da aka yi a can aka sa masa sunan Luka. Coci da makaranta aka sa musu sunan Bartalamawas. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito, wanda Mila ya yi shekaru yana aikinsa tare da Hausawa abokan aikinsa da wasu 'yan mishan.

Abin da ya sa nake son kowa ya ga wannan coci shi ne yadda aka gina shi. Ba a kwaikwayi ginin Ingila ba. Magina Hausawa ne suka yi shi da ƙasa, da kaurin bango irin na gidan sarauta, rufin yana zaune a kan bakan gizo. Wanda ya san aikin ya san ba wasa ba ne: a kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana, a mulmula tubali a shanya, a jera azara ta giginya ana ɗaurewa ana turo ta kaɗan kaɗan daga bango biyu har su haɗu a sama, sannan a bi da yaɓe. Ilimin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da shi a ƙarni na 19, shi ne jikokin sana'arsa suka kawo Wusasa. In ka shiga da rana tsaka za ka ji sanyin soro. Mutumin Kana ta Galili, wanda aka kai sunansa Armeniya da Rum da Landan, da ya iso ƙasar Hausa a soro aka sauke shi, kuma da Hausa ake addu'a a ciki.

Ƙaramin gari ne, amma ku ji waɗanda ya fitar. Dokta Barau Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma sunansa ne a kan babban asibitin nan na Kaduna. Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya tashi, a makarantar Bartalamawas ya fara karatu kafin ya wuce Barewa. Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawa, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗan Wusasa ne, kuma ɗalibanmu Musulmi da Kirista sun karanta shi a aji ba tare da sun tambayi addinin marubucin ba. Ban da su akwai malaman makaranta da ungozomomi da ma'aikatan jinya masu yawa da suka yi aiki a garuruwan Arewa.

Duk da haka har yau akwai yaran da ke tashi a Kano suna zaton duk Kirista baƙo ne daga Kudu, alhali ga Hausawa Kirista a Sumaila da Rogo da Tudun Wada, suna noma irin namu suna cin tuwo irin namu. Akwai kuma yaran da ke tashi a Sabon Gari ba su taɓa shiga cikin ganuwa ba, abin da suka sani game da birni ji ne kawai. Wannan ai shi ne zaton Nata'ala game da Nazarat, sai dai su ba su sami Filibus ɗin da zai ce su taso ba.

Saboda haka ina da roƙo. Shugabannin makarantun Kumbotso da Kura da Bunkure, na gwamnati da na Islamiyya da na mishan, ku haɗa ɗalibanku a mota ɗaya ku kai su Zariya, su ga Masallacin Juma'a da safe, su ga cocin Wusasa da yamma, a dawo a biya da su Gidan Makama. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da masu hannu da shuni su tuna ginin ƙasa ba ya jure sakaci, damina biyu ba yaɓe ta isa ta fara cin bango, kuma maginan da suka iya bakan gizo suna ƙarewa. Ɗalibanmu na jami'a kuma su je su ɗauki muryar dattawan Wusasa da na majemar Kano tun suna raye.

Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na kuskure ku gyara mini, musamman malaman Sira da masu karatun Littafi Mai Tsarki da ke cikinmu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya sa albarka a amfanin rani. Shugaban zama, na mayar maka da magana. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, bismillah.